Wake SAMPEA 20-T: abin da yake yi a gona, da wanda ke da iko da shi

Tambaya biyu manomi ke yi idan aka miƙo masa fakitin SAMPEA 20-T a shagon kayan gona. Da gaske tsutsa ba ta cin sa? Idan kuma na ajiye iri na shuka baɗi, akwai wanda zai zo ya ce na ci masa haƙƙi? Amsar ta farko e ce, amma tsutsa iri ɗaya tak. Amsar ta biyu a yau ita ce babu. Sai dai dalilin da ya sa babu ɗin ya isa a zauna a kansa, domin ba kowane iri da ke biyo bayan wannan ne zai zo da wannan sauƙin ba.

Asalin waken ba baƙo ba ne. Layin IITA ne, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, mai lamba IT97K-499-35, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, IAR, ta Jami'ar Ahmadu Bello, ta riga ta fitar da sunan SAMPEA 10. Fari ne, matsakaicin ƙwaya, yana jure wuta-wuta, yana nuna cikin kwana 70 zuwa 75. Abin da aka ƙara masa ƙwayar halitta ce da ake kira Cry1Ab, an samo ta daga wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da Bt. Kamfanin Monsanto, wanda Bayer ta Jamus ta saye a 2018, shi ya bayar da ita ga gidauniyar fasahar noma ta Afirka, AATF, mai hedikwata a Nairobi ba tare da sharaɗin biyan kuɗin mallaka ba. Masana a cibiyar CSIRO ta Ostireliya suka shigar da ita cikin wake, sannan tawagar Samaru ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku ta yi ta aurawa da zaɓe har ta zauna a cikin irin da manomanmu suka sani. Gwaji a killataccen fili ya fara a 2009. Hukumar NBMA, mai ba da izinin amfanin gonar da aka sauya wa halitta a Najeriya, ta amince a Janairun 2019, kwamitin rajistar iri na ƙasa ya sa hannu a Disambar wannan shekarar, aka ƙaddamar da sayar da shi a Kano a 2021. Gana ma ta fitar da nata a 2024 da sunan Songotra-T, daga cibiyar SARI da ke kusa da Tamale.

A gona

Tsutsar da aka yi shi dominta ita ce maruka. Uwarta ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai yawon dare, tana saka ƙwai a kan tohon fure. Tsutsar fara-fara ce mai ɗigon baƙi a gadon baya. Tana shiga cikin fure ta ci, ta ɗinke fure da ganye da kwanso da zare kamar saƙar gizo, daga baya ta huda kwanson ta bar kashinta a bakin ramin. Abin da ya sa take wahalar feshi ke nan: lokacin da ka gan ta, ta riga ta shige inda magani ba ya kaiwa. A shekarar da ta yi yawa, asarar na iya kaiwa kashi 80 cikin 100, kuma shi ya sa ake ganin mai wake yana ɗaukar famfo sau shida, sau takwas a damina ɗaya.

A nan SAMPEA 20-T ya cika alkawari. Shukar da kanta take yin wani furotin da ke fasa hanjin tsutsar idan ta ci, tun tana ƙarama take mutuwa, ba ta kai ga ɗinke fure. Idan aka shuka shi gefe da gefe da waken da ba shi da Bt a shekarar maruka, bambancin ba ya buƙatar ma'auni: buɗe fure ashirin a nan, buɗe ashirin a can, ka ƙirga tsutsa.

Amma furotin ɗin ba ya taɓa sauran abokan gaba, kuma nan ne aka fi tafka asara. Darɓa tana nan a kan ƙananan shuka, musamman idan ruwa ya ɗauke na 'yan kwanaki. Ƙananan baƙaƙen ƙwarin fure suna nan. Ka karkaɗe fure a tafin hannu, za ka gan su suna gudu, su ne ke sa fure ya zube bai ɗaura ba. Ƙwarin da ke tsotse kwanso suna nan, su ke sa kwanso ya yamutse ya bushe da ƙwaya a shanye. Wanda ya ji a bakin kasuwa cewa “wannan ba ya son magani” ya rataye famfonsa, zai ga gona ta yi kore shar ba tsutsa ko ɗaya, ya zo roro ya tarar da kwanso fanko. Feshi biyu masu irin suka ce, ba sifiri ba. Na farko idan toho ya fito fure ya fara buɗewa, wajen kwana 35 zuwa 40 bayan shuka, domin ƙwarin fure. Na biyu bayan kwana 10 zuwa 14, lokacin da kwanso ke cika, domin masu tsotsa. Idan darɓa ta yi yawa da wuri, ko masu tsotsa suka dawo, a ƙara na uku ba tare da jin an ci amanar iri ba. Magungunan da aka saba da su ne, irin su lambda-cyhalothrin ko haɗin cypermethrin da dimethoate, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba, a yi da sassafe ko da yamma lokacin da iska ta kwanta.

Sauran aikinsa na kowane ingantaccen wake mai saurin nuna ne. Kilo 20 zuwa 25 a hekta, wato kwano takwas zuwa goma. Santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 20 tsakanin rami da rami, zurfi kada ya wuce santimita 5, a bar shuka biyu a rami. Buhu biyu na kamfa da buhu biyu na supa a hekta sun isa a yawancin gonaki; yuriya ba ta da aiki a nan, ganye kawai za ta ƙara masa. Lokacin shuka a lissafa shi ta baya: ana so kwanso ya bushe bayan ruwa ya ja, don haka a yankin Kano da Katsina da Jigawa Yuli ne, a yankin Zariya da abin da ya yi kudu ana iya kaiwa farkon Agusta. Wanda ya shuka da ruwan farko zai yi roro cikin marka, farin wake ya yi baƙi-baƙi ya faɗi a kasuwa. A takardar fitar da shi an rubuta zai iya kaiwa tan 2.9 a hekta. Wannan lissafin filin gwaji ne, kada a ci bashi a kansa.

Inda ya gaza kuwa, mu faɗa. Ƙwayarsa ba ta kai ta kanannado girma ba, kuma a Dawanau girma da haske su ke yanka farashi. Mai neman jan wake don kasuwar Legas ba nasa ba ne. Harawarsa ba ta kai ta masu yaɗo ba, don haka mai tumaki da ke noma wake rabi don ƙwaya rabi don harawa sai ya sake lissafi. An yi shi ne don a shuka shi shi kaɗai a fili. A ƙarƙashin inuwar dawa mai tsawo ba ya sakewa. A tukunya wake ne kamar kowane farin wake, yana yin ƙosai da alale, ba mu da ƙorafi a nan. A rumbu kuma ba shi da wata kariya ko kaɗan: ƙwaron ajiya yana huda shi kamar yadda yake huda kowane wake. Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda ragowar diklobos, maganin nan da ake kira fiya-fiya da ake zuba wa wake a sito. Wannan matsala ta bayan girbi ce, Bt ba ta san da ita ba. Maganinta buhun PICS mai ruɓi uku, a matse iska, a ɗaure kowane ruɓi daban.

Wa ke da shi?

Tsoron da mutane ke yi ba daga iska ya zo ba. A Amurka, inda kotun ƙoli ta buɗe ƙofar mallakar abu mai rai da aka sarrafa tun 1980, manomin da ya sayi irin waken suya na Monsanto yana sa hannu a takarda cewa shuka ɗaya zai yi, ba zai ajiye ba, ba zai ba wani ya shuka ba. Wani dattijon manomi a jihar Indiyana, Vernon Bowman, ya nemi wata hanya. Ya je wurin masu tara hatsi ya sayi waken suya na ci, wanda ya san yawancinsa mai jure maganin ciyawa ne, ya shuka, ya fesa maganin ciyawa na glyphosate, abin da ya tsira ya ajiye ya yi ta maimaitawa shekara da shekaru. A 2013 alƙalan kotun ƙoli tara duka suka ce ya yi laifi: sayen ƙwaya ya ba shi damar ci ko sayarwa, bai ba shi damar haifar da sababbi ba. Kuɗin da aka yanke masa ya haura dala 84,000. Duk manomin arewa da ya karanta wannan zai gane abin da ake magana a kai, domin abin da Bowman ya yi, a auno kwano a kasuwa a kai gona, shi ne hanyar da mafi yawan wakenmu ke shiga ƙasa.

A Kanada kuma akwai Percy Schmeiser, wanda ya ce irin kanola na Monsanto, tsiron da ake matse mai daga ƙwayarsa, ya shigo gonarsa ne ba da saninsa ba. Kotun ƙoli a 2004, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce ya keta haƙƙin mallaka, tun da ya san abin da ke cikin irin kuma ya ajiye ya shuka, ko da yake ba ta sa shi biyan diyya ba. Masu ba da labarin sukan tsallake wannan gaɓa ta sani da ajiyewa, su ce iska kawai ta kwaso masa shari'a. Gaskiyar ta fi haka sarƙaƙiya, amma ko a hakan, hukuncin ya nuna cewa mai ƙwayar halitta yana iya bin ta har cikin shukar da bai sayar ba.

To me ya sa wannan ba ya kan mai SAMPEA 20-T a Bichi ko Dutsin-Ma?

Na farko, takardar mallakar ƙirƙira tana da iyaka ta ƙasa. Wadda aka bayar a Amurka ba ta aiki a Najeriya sai an yi rajista a nan, kuma dokarmu ta 1970 kan wannan fanni ta ce ba a ba da irin wannan takarda a kan nau'in tsiro ko dabba. Tana kuma da iyaka ta lokaci, shekara 20. Masara mai ɗauke da Cry1Ab ta shiga gonakin Amurka tun 1996, don haka takardun farko na wannan zamani wa'adinsu ya cika. Sai lasisin da AATF ta karɓa, wanda babu kuɗin mallaka a cikinsa: kuɗin da ka biya a shago na noman iri ne da tsaftacewa da fakiti da ribar dila, ba a ɗora masa wani kaso da zai tafi Jamus ba. Ba a sa ka sa hannu a komai. IAR da AATF sun sha faɗa a bainar jama'a cewa manomi na iya ajiyewa ya sake shukawa. Sannan halittar waken kanta tana gefen manomi: furen wake yana barbarar kansa tun kafin ya buɗe, don haka ɗan da ya haifa kamarsa yake fitowa, da Bt ɗinsa.

Maganar da ake yaɗawa cewa irin ba ya tsirowa karo na biyu ba gaskiya ba ce. Tushenta wata fasaha ce da kamfanin Delta and Pine Land da ma'aikatar gona ta Amurka suka yi wa rajista a 1998, mai sa iri ya zama bakarare. Duniya ta yi ca, aka dakatar da ita a ƙarƙashin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan halittu a 2000, ba a taɓa sayar da ita ba. Wanda ke shakka ya jiƙa tsumman buhu, ya jera ƙwaya 100 daga girbinsa, ya naɗe, ya buɗe bayan kwana bakwai.

Ga inda muke da ja. Duk wannan sauƙin ya tsaya ne a kan yarjejeniya tsakanin kamfani da gidauniya, ba a kan wani haƙƙi da doka ta rubuta wa manomi da sunansa ba. Ra'ayinmu shi ne an zaɓi wake a yi kyauta da shi domin ba kasuwar da manyan kamfanoni ke hange ba ce: amfanin gona ne na talaka, mai barbarar kansa, wanda ko an hana ajiyewa ba mai iya bin gida-gida. Kyauta ce mai amfani, a karɓa. Amma kada a ɗauka haka sauran za su zo. Kuma ko a nan, iko bai ɓace ba, wuri ya sauya. Izinin NBMA da tulin bayanan gwajin da aka kashe shekara goma ana tarawa suna hannun masu aikin, wato IAR da AATF. Irin tushe daga wurinsu yake fitowa. Kamfanin iri ba ya noma SAMPEA 20-T ya zuba a fakiti sai da lasisinsu, kuma da 'yan kamfanoni ƙalilan aka fara, abin da ya sa a shekarun farko masu nema suka fi irin yawa.

Sai dokar 2021 ta kare haƙƙin masu ƙirƙiro nau'in tsiro, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu, aka gina ta a kan tsarin UPOV na 1991, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta kare sababbin nau'in tsiro, hukumar iri ta ƙasa NASC ke riƙe da ofishinta. Ita ce abin lura a nan gaba, fiye da shari'o'in Amurka, kuma ba ruwanta da ko an sauya wa iri halitta ko ba a sauya ba. Wanda ya yi wa sabon nau'i rajista yana da iko na shekara 20, itatuwa 25, a kan nomansa don iri, da sayarwa, da fitarwa waje. An keɓe amfanin kai wanda ba na kasuwanci ba, an kuma bar ƙofa ga manomi ya sake shuka abin da ya girbe a gonarsa. Abin da ba a ba shi a fili ba shi ne sayar wa maƙwabci a matsayin iri. Indiya da ta yi tata dokar a 2001 ta rubuta ƙarara cewa manomi na iya ajiyewa, ya yi musaya, ya sayar, muddin bai zuba a fakiti mai tambarin kamfani ba. Tamu ba ta da wannan jimla, kuma a ƙasar da iri ke yawo ta hannun dangi da ranar kasuwa, rashinta babban giɓi ne. Dokar tana aiki ne a kan nau'in da aka yi wa rajistar kariya kaɗai, kuma sai sabo, don haka kanannado da ɗan'ila ba sa ciki. Sai dai mutanen Nijar sun ga yadda ake gwada sa'a: wani kamfanin iri na Senegal ya taɓa neman kariya a hukumar OAPI, mai rajistar haƙƙin mallaka ga Nijar da Senegal da wasu ƙasashen Afirka, a kan albasa da sunan Violet de Galmi, sai da manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye aka janye sunan.

A kwatanta da 'yan uwansa a kanta ɗaya. Masarar TELA mai Bt da aka fitar a Janairun 2024, SAMMAZ 72T zuwa 75T, ita ma ta hannun AATF ta zo ba kuɗin mallaka. Amma mai aure ce. Ba sai lauya ya hana ka ajiyewa ba. Ka shuka 'ya'yanta, gona ta fito wani dogo wani gajere, amfani ya ragu, baɗi da ƙafarka za ka koma shago. Audugar Bt mai suna Bollgard II da aka amince da ita a 2018, nau'i biyu na kamfanin Mahyco na Indiya, ita ma mai aure ce, kuma kaya ne na kasuwanci tsantsa. A Indiya kuɗin mallaka a kan irin auduga ya jawo rigimar da sai da gwamnati ta sa baki ta yanke shi a 2016. A Burkina Faso kuwa, da suka rungumi audugar Bt a 2008, sun yar da ita a 2016, ba don tsutsa ta ci ba, don zarenta ya gajarce ya zubar musu da daraja a kasuwar duniya, kuma gyaran irin ba a hannunsu yake ba. A cikin ukun nan, wake ne kaɗai manomi zai saya sau ɗaya ya riƙe.

Riƙewar ma tana da ƙa'ida. A ware layukan tsakiyar gona don iri, nesa da wani wake da 'yan taku, domin zuma da manyan ƙwari kan ɗan kai garin fure nan da can. Kafin fure, a bi layi a tuge duk shukar da ganyenta ko tsayinta ko yaɗonta ya bambanta. A yi roron na iri daban, a shanya a kan tamfol daban har ƙwaya ta riƙa fashewa ƙas a haƙori, a buga a hankali don kada ta tsage a ciki, a sheƙe, a tsince, a zuba a buhun PICS a rubuta suna da shekara. Ba a cikin gona iri ya fi lalacewa ba, a wurin bugu ne, inda ragowar waken jiya ke maƙale a tabarma da buhu. Bayan shuka biyu ko uku a sayo sabo, domin gauraye da cututtukan da ke bin iri suna taruwa a hankali.

Babbar matsalar mai saye a yau ba lauyan Bayer ba ce, jabu ce. SAMPEA 20-T da SAMPEA 10 ido ba ya raba su, a ƙwaya ko a gona. Duk mai son zuciya na iya auno farin wake ya rina shi da jan magani ya ce ga mai Bt. Wanda ya saya zai yi feshi biyu kamar yadda aka gaya masa, maruka ta cinye gonar, ya fito yana cewa irin ƙarya ne. Akwai ɗan tsinken gwaji da ake tsomawa a ruwan dakakken ganye ya nuna ko furotin ɗin yana nan, amma kayan kamfani da jami'ai ne, ba a samunsa a shagon ƙauye. Abin da ke hannun manomi shi ne ya ƙi sayen na buɗaɗɗen buhu ko na awo. A nemi fakiti a rufe, da sunan nau'in da na kamfani, da lambar rukuni, da ranar gwajin tsiro, da tambarin NASC mai wurin kankarewa, a tura lambar ta waya kafin a bar shagon. A karɓi rasit, a ajiye fakitin har bayan girbi. A kuma yi gwajin tsumma kafin shuka. Idan ƙasa da 75 suka tsiro cikin 100, a mayar.

Lissafin ko ya biya kuɗinsa mai sauƙi ne, kowa ya yi da farashin garinsu. A gefe ɗaya, bambancin kuɗin kilo 20 na fakiti da na kwano takwas a kasuwa. A ɗaya gefen, kuɗin feshi huɗu da aka huta: magani, ladan mai famfo, ɗiban ruwa. A yankin da maruka ke yawa, inda damina ke da laima, gefen na biyu ya fi nauyi tun kafin a sa ƙarin amfani a ciki, balle idan an raba kuɗin irin a kan shekara uku. A can arewa mai bushewa, inda maruka ba ta cika tsanani ba kuma harawa ke da tsada, ribar ta ragu, SAMPEA 10 ko na gida na iya wadatarwa. Wanda kuma ke da mai saye da ya sharɗanta ba ya son amfanin da aka sauya wa halitta, ya tambaya kafin ya shuka, ba bayan ya cika buhu ba.

Saura abu ɗaya da zai iya kashe wannan iri ba tare da kotu ba. Ƙwayar Bt ɗaya ce a cikinsa, kuma tsutsa tana sabawa. A Afirka ta Kudu, tsutsar karan masara ta daina jin wannan Cry1Ab ɗin, an tabbatar a 2007, ƙasa da shekara goma da fara shukawa, musamman inda manoma suka ƙi barin wani yanki na masarar da ba Bt. A Indiya jar tsutsar auduga ta karya Bollgard na farko wajen 2009, ta bi na biyu bayan 'yan shekaru. Yadda abin yake: a cikin dubban tsutsotsi akwai 'yan ƙalilan da furotin ba ya kashewa. Idan duk waken yankin Bt ne, su kaɗai za su rage su auri juna. Idan akwai wake marar Bt a kusa, masu rauni da yawa za su taso daga can su aure su, 'ya'yan su fito masu mutuwa. Saboda haka kada a shafe gona duka da shi. A bar wasu layuka ko wani ɓangare na kanannado ko wani na gida, a fili daban. A fili daban muka ce, ba a cakuɗe a rami ɗaya ba, domin tsutsar da ke tsallakawa daga wannan shuka zuwa waccan tana samun ɗan abin da ba zai kashe ta ba, wanda shi ne ke gaggauta sabawarta. Masu aikin suna kan haɗa ƙwaya ta biyu, Cry2Ab, a sabon zubi. Sharuɗɗan da wancan zai zo da su, a karanta su daban idan ya fito.

Idan ka sayi fakiti mai tambari, ka tabbatar da lambarsa, amma ka tarar da manyan tsutsotsin maruka da rai a cikin fure da kwanso a wurare da yawa na gonar, kada ka tsaya gunaguni a majalisa. Ka fesa magani ka ceci amfanin, ka ɗebi samfurin shukar da tsutsar a leda tare da fakitin da rasit, ka kai wa malamin gona na yankinku ko ofishin NASC mafi kusa, a aika Samaru. Gwajin tsinke zai raba ko jabu aka sayar maka ko tsutsar ce ta fara sabawa, kuma kada ka ajiye iri daga wannan gonar.